Farin Ƙyallen Malam Sanda

Malam Sanda bakanike ne a wani gareji da ke Doka, shekara talatin da ɗoriya yana cikin baƙin mai. Ba shi da kwamfuta, ba shi da allon talla. Jarinsa kunne ne da hanci, sai wani farin ƙyalle da yake ninkewa a aljihun gaba. In aka kawo masa mota mai shan baƙin mai, ba ya saurin ɗaukar sifana. Sai ya ce a bar ta ta kwana, da safe a tayar da ita a gabansa, ya kara ƙyallen a bakin salansa ya ga abin da za ta tofar.

Mutanen yanzu kuwa ina suka ga wannan haƙurin? Aka yi ta cewa tsohon ya cika nawa, ana zamewa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama babban mutum ɗaya ne ya rage masa, wato Alhaji Abdulmalik na Unguwar Rimi, tsohon ma'aikacin gwamnati. Muddin motar Alhaji na tsayawa a rumfarsa, Sanda na da sauran mutunci a garejin, kuma ya san da haka.

Wata Talata Alhaji ya zo ransa a ɓace, wai duk sati biyu sai ya ƙara baƙin mai. Motar ta kwana. Da safe aka tayar da ita, ta feso shuɗin hayaƙi, ƙyallen ya yi maiƙo, can kuma hayaƙin ya ɗauke. Sanda ya kwance fulogogi ya duba, ya buɗe murfin mai ya ɗora tafinsa, bai ji tana huci ba. Ya zagaya da ita har Kawo, ƙarfinta na nan daram.

"Ranka ya daɗe, robobin bawul ne suka bushe," in ji shi. "In ta kwana, mai ya riƙa ɗiga ciki, da safe ta ƙone shi. Da ringin cikin inji ne ya cinye, da hayaƙin ba ya yankewa, kuma da ka ji ta yi sanyi a hawa. Aikin yini ɗaya ne."

Alhaji ya yamutsa fuska. "Malam Sanda, mota na shanye mai kamar raƙumi, ka ce mini roba?"

Ga mutumin da ya saba da manyan abubuwa, ciwon da maganinsa ke da sauƙi raini ne. Araha dai ba ta ado.

A rumfar da ke kallon ta tsohon akwai Ashiru, wanda Sanda ya koya wa riƙon sifana shekara ashirin da suka wuce, yanzu magidanci ne har da tumbi. Ya tsallako da kwamfutarsa, ya jona, ya daɗe yana girgiza kai.

"Alhaji, injin nan ya gama aure. Baba ubanmu ne, amma zamani ya canja. A sauke shi a ɗora na Beljiyam, ka huta."

Alhaji ya saki ajiyar zuciya, ya samu ciwo daidai da girmansa. A gaban idon Sanda aka mayar da motar rumfar Ashiru. Kafin Juma'a labari ya zagaye gareji cewa idon tsoho ya daina gani, saura ƙiris ya kashe wa Alhaji mota. Abin ya ci Sanda ƙwarai, har ya fara tambayar kansa ko gaskiya ne tsufa ya cim masa. Ya daina sa ƙyallen a aljihu na wani lokaci, daga baya ya mayar da shi don sabo kawai.

Bayan wata huɗu ya shiga tasi zai je Rigachikun duba 'yarsa Dije da ta haihu. Tun kafin su bar tasha kunnensa ya tsaya kan injin. Ya san wannan amon. Ya tambayi direban inda ya samo shi.

"Ai Baba, sa'a na taka! A Doka na saya, wurin wani Oga Ashiru. Daga motar wani Alhaji ya sauke shi. Ya ce mini lafiyarsa ƙalau, robobin bawul kawai ya canja. Wallahi ko cokali ɗaya ba ya sha. Mutumin nan ya san aiki!"

Ashe Ashiru ya sani. Ashe karatun ya zauna, amanar ce ba ta zauna ba.

Da suka isa Rigachikun Sanda ya sauka, ya zagaya bayan motar, ya durƙusa da ƙyar, ya kara ƙyallen a bakin salansa. Direban na leƙowa yana tambaya ko lafiya. Ƙyallen ya fito fari tas. Sanda ya daɗe yana kallonsa a bakin titi, ya rasa wanda zai nuna wa, ya ninke shi ya mayar aljihu.