Dokar ƙetaren kogi

Ni nake riƙe da ɗakin karatu na unguwarmu a Gaya, mai ordinatar, wato kwamfuta, kaɗan. Karatuna bai yi nisa ba, amma an taɓa ba mu horo kan bincike a intanet, na kuma riƙe shi yadda aka ba ni. Da hutu ɗaliban jami'a kan dawo daga Dosso da Yamai, su zo wurina da aikin memuwar ɗinsu na gama karatu.

Ƙa'idata ba ta sauyawa. Kafin a ɗauki ko layi ɗaya daga shafi, sai an amsa tambayoyi uku a jere: wa ya rubuta, yaushe, a wace ƙasa. Bayan nan a nemi abin a rumbun littattafan jami'a, da lambar shiga da ake ba kowane ɗalibi.

Wata shekara ɗiyar maƙwabcina direban kamiyo, babbar motar kaya, ta zo. Tana rubutu kan dokokin duwan, wato kwastan, na Nijar game da dakon shinkafa, ranar miƙa aiki kuma ta matso. Wanda ya makara sai baɗi. Babi na biyu ta riga ta haɗa shi a portabul, wayar hannunta, daga shafukan intanet.

Ta ce, "Kawu, buga mini kawai. Faransanci ne, sefa ne, na hukuma ne, na bana ne. Me ya rage?"

Na ce, "Ta ukun."

"Kai da ta ukunka! Ko tuwo aka ba ka sai ka tambayi ƙasarsa."

Ban yi dariya ba. Ta buɗe shafin farko da ta ɗauko, ta ja shi zuwa ƙasa tana tsaki. Adireshin ofishin duwan ɗin na Kwatano ne, a Benin. Ta buɗe na biyu, haka. Na uku ma haka. Portabul ɗin tsohon na babanta ne, layin Benin ke ciki saboda zirga-zirgarsa ta Malanbil, garin Benin da ke ƙetaren kogi, shi ya sa injin bincike yake jero mata shafukan can a sama.

Lambar shigarta tana nan, ba ta taɓa amfani da ita ba. Muka shiga rumbun. Abin da ke akwai kan Nijar kaɗan ne, wasu sun tsufa. Ta rubuta shekarar kowanne a gefe, ta jefar da na Benin, babin ya koma rabi.

Ta ce, "Malaminmu zai ce ya yi siriri."

"Zai ce."

Na buga mata da safen ranar tafiya, ta ɗauka da ɗuminsa ta nufi tashar Dosso. Ta miƙa a kan lokaci.