Tafasa a Bayan Danga

Ni ne mai laifi, kuma ba na neman wanda zai taya ni ɗauka. Na ƙi kakata a gaban mutane saboda ƙwaryar kwaɗon tafasa, ita da ta riƙe ni tun da mahaifina ya tafi ci-rani bai dawo ba.

A Dogo-Dogo ta ƙasar Dungas muka tashi. In an gama tuwo, Kaka takan tura kara cikin murhu, mu jikoki mu kewaye ta, hannun kowa na ƙanshin daddawar batso. Ni take ce wa maigida, irin wasan kaka da jika. "Maigida, matsa can, ka cika mini wuri ba ka kawo cefane ba." Sai mun gama dariya take cewa ga ta nan, mu ce ta zo mu ji.

Akwai tatsuniyar da na fi riƙewa. Wai abinci ne suka taru neman sarautar akushi. Shinkafa ta zo cikin fararen kaya, aka shimfiɗa mata tabarma. Gero ya zo da mutanensa, aka ba shi rumbu. Tafasa ta zo ƙarshe ba ko takalmi, aka ce ta tsaya bayan danga inda awaki ke kiwo. Ana nan sai ga Yunwa ta sauka a garin da sandarta. Shinkafa ta hau raƙumi ta yi birni. Gero ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya ƙare tun kafin a gama noman fari. Tafasa ta leƙo ta saman danga ta ce, "Ku tsinke ni, gobe zan sake tohowa." Haka ta riƙe garin har sabon gero ya nuna. Da Yunwa ta tafi, Shinkafa ta dawo, aka sake shimfiɗa mata tabarma.

Na ce, "Kaka, Tafasa ba ta yi fushi ba?"

Ta ce, "Da ta yi fushi, wa zai haifi ubanka, balle kai mai kunnuwa kamar faifai?"

Da na ci jarrabawa aka tura ni kwaleji a Magariya, na sauka gidan wani Alhaji mai kanti. 'Ya'yansa da burodi da mayonez suke karyawa, da rana taliya da sardin. A makaranta ma abinci ne ya raba mu. Masu burodi suna bakin ƙofa, masu ƙuli-ƙuli a aljihu suna bayan aji, suna ci a ɓoye. Ni kuwa na maƙale wa Bashiru ɗan Alhaji, yana gutsura mini burodinsa, ina tsaye da masu bakin ƙofa kamar a cikinsu aka haife ni.

Wata ranar kasuwa Kaka ta biyo mota ta zo, da ƙwarya rufe da faifai. Daga ƙofar makaranta ta ƙwala kira: "Maigida!" Ta buɗe faifan don in gani: kwaɗon tafasa ne, ya sha ƙuli da yaji, yadda nake so.

Bashiru ya leƙa ya ce, "Kai Sule, matar taka abincin awaki ta kawo maka?"

Aka fashe da dariya. Na ce, "Wata tsohuwa ce daga garinmu, kowa haka take kira."

Ta ji. Ta mayar da faifan a hankali, ta ɗora ƙwaryar a ka. Ta ce, "To Malam Sule, a gaida mutanen gida." Ta tafi ba ta ko sunkuyar da kai ba.

Daga ranar ban sake jin maigida a bakinta ba. Hutu ya zo ya wuce, na yi aure, na haihu, ni dai Malam Sule ne. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma na fake da shirunta. Sai bana, da 'yata ta ture tuwo ta ce ƙawayenta taliya suke ci, na ji muryata a bakinta. A nan na gane matar da ta raini gida guda da ganyen bayan danga, ba ta taɓa kai ƙoƙon roƙo gidan kowa ba. Ban san wanda ya fi ni kaka ba a ƙasar Dungas.

Na hau babur na je. Idonta ya yi rauni, amma da sallama ta gane ni.

"Malam Sule, yau burodi ya ƙare a birni?"

Na durƙusa na kama ƙafarta. Na ce, "Kaka, ranar nan a Magariya ƙarya na yi. Ke kakata ce, da tafasarki na yi ƙashi. Na ji kunyar abin da ya kamata in yi taƙama da shi. Maigidanki ne ya zo, ki yafe mini."