Turbon Motar Baba

Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a kan tifa, tun ana haƙar kuza har kuza ta zama labari. Da ya ajiye aiki, ni da Yayana muka saya masa wata mota tokumbo mai turbo, don ya huta da jiran keke a Dutse Uku. Ba ta rufa shekara ba ta fara halin tsiya. In ta kama ɗan hawa a Titin Bauchi sai ta riƙa nishi, shuɗin hayaƙi na biye da ita, baƙin mai kuwa kullum sai an ƙara.

Yaya ba ya dogon bincike. Ya ce tsufan Baba ne, in har ta tabbata Baba ne ya lalata ta, a karɓe makulli a ɗauko direba. Ni aka wakilta in raka shi gareji in dawo da gaskiya. Raina ya ɓaci, don na san ranar da aka mai da Baba kujerar fasinja, ranar zai tsufa da gaske.

Makaniken wani dattijo ne a unguwar Congo-Russia ta Jos, ɗan ƙauyukan bayan Bukuru. Bai yi gaggawar kwance komai ba. Ya bi tiyoyin iska da tafin hannu ko akwai mai tsagewa, ya duba matatar iska, sannan ya cire babban tiyon da ke bakin turbon. Cikinsa jage-jage da mai. Ya zura yatsa ya taɓa wata 'yar farfela, ta yi lakwaf-lakwaf. Ya mayar da tiyon ya ce, "Baba, tada shi, ka kashe shi yadda kana yi a gida."

Baba ya tada ta. Da zai kashe, ya taka totur ta yi ruri, ya murɗe makulli tana tsakiyar rurin. Makaniken ya ɗaga yatsa, muka yi tsit. Inji ya mutu, amma can ciki wani siririn fito na ci gaba, yana ja, yana ja, kafin ya ɗauke. Ban taɓa sanin akwai abin da ke gudu a cikin motar da aka kashe ba.

"Ka ji shi? Yana gudu babu mai," in ji makaniken. Ya ce hayaƙin salansa ne ke juya farfela ɗaya, ita kuma ta juya 'yar'uwarta mai tura iska cikin inji, sandar da ta haɗa su tana yawo ne a kan baƙin mai. Ana kashe inji mai ke tsayawa. In an ba mota wuta kafin a kashe, sai sandar ta ci kanta.

Baba ya ce, "Oga, haka aka koya mana. Wutar ƙarshe ce, don sanyin Jos kada ya hana ta tashi da safe."

"Baban nawa ma haka yana yi," in ji makaniken yana dariya. "Tifan ku babu wannan abu."

Da aka kwance turbon, Baba ya karɓi cikinsa da hannu biyu. Farfelar ba ta fi bakin kofin shayi ba. Ya hura mata iska, ta juya. Ya sake hurawa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ikon Allah. Hayaƙin da muka yi ta zubarwa a hanya, ashe ƙarfi ne." Ni ma abin ya cika ni da mamaki, amma ga shi gaskiyar da aka aiko ni nema ta fito, kuma ba ta bayan Baba.

Aka sa sabon ciki, aka canza bututun mai da ya toshe da gawayi, aka juye mai da matatarsa. Makaniken ya ɗura wa turbon mai da hannu kafin ya yarda a tada. A hanyar gida Baba ya taka ta a hawa, ta manna bayanmu da kujera, ya ƙyalƙyale da dariya.

Yaya na tsaye a ƙofar gida. Baba ya faka, ni kuwa idona na kan ƙafarsa ta dama. Ta ɗaga da kanta, ta tsaya a saman totur, sannan a hankali ta sauka gefe. Ya bar motar a kunne a silo, ba wuta, ya harɗe hannuwa.

Yaya ya ƙwanƙwasa gilashi. "Baba, lafiya? Me aka ce?"

"Ni na lalata ta, da ƙafar nan," in ji Baba. "Yanzu jira nake ta huce. Yi shiru ka ji."

Yaya ya dube ni, na kau da kai. Ya sunkuya ya kasa kunne a jikin bonet, mu uku muna sauraron inji. Can Baba ya murɗe makulli, ta mutu lafiya lau ba fito. Ya zare shi ya jefa a aljihun gaban rigarsa, Yaya kuma ya buɗe masa ƙofa.