Gimbiya Mai Daren Rana

A Dogarawa, duk wanda ya tashi a shekarun tamanin ya san Gimbiya mai ƙosai ta bakin lakwal, wato makarantar boko. Ƙosanta dai, Allah na gani, ba wani abin a zo a gani ba ne. Bakinta ne jari. Ba ta yi boko ba, amma gatana, wato tatsuniya, da kanta take ƙaga ta: raƙumin da ya nace sai ya hau motar Konni, akuyar da ta shiga aikin jandarma. Ni kaina nakan ƙi cin tuwo don kada a fara babu ni.

A 1988 aka kawo mana Mushe Alkasum, malamin ajin Hausa; Mushe muke ce wa malamin boko. Littafin da yara za su karanta babu, sai ya roƙe ta ta shigo aji da hantsi ta ba da labaranta, shi kuma ya rubuta.

Gimbiya ta dafe ƙirji. "Gatana da rana? Mushe, so kake in ɓace cikin daji? Ba ni yi!"

Haka kowa ya gada: mai gatana da rana ɓata yake. Da gaske take tsoro. Amma Mushe ya ce mata abin da ba a rubuta ba tare da mai shi ake binne shi, kuma ita ba ta da ɗiyar da za ta bar wa. Maganar ta tsaya mata a rai har ta ƙona kasko guda.

Ran Laraba sai ga ta da zannuwanta na biki. Ta toshe tagogin aji da su, ta rataya tabarma a ƙofa, ta ce mu rufe ido. Zufa kamar a gidan burodi.

"Yara, mi ya yi?"

"Dare ya yi, Inna!"

Haka aka yi ta yi har labaran suka zama ɗan littafi, aka kai shi Malbaza da Tajaye. Ko sau ɗaya ba ta ɓata ba, sai dai Mushe da duhu ya sa rubutunsa ya hau juna.

A 1997 na je gaishe ta, idonta ya riga ya tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ita kuwa dariya take, yara zagaye da ita, tana yi musu gatana rana tsaka.

"Zamna, Abarshi," ta ce mini. "Yanzu ba ni bukatar zane. Kullum dare na gare ni."