Akuyar da Aka Ce Ta Ci Likkafanin Malam Tanko

Ni ne na yi laifi, ba akuya ba. Gara in faɗi haka tun farko, don baiwar Allah nan ta sha zagi a gidanmu ba da hakkinta ba.

Muna yara a unguwar Utaibiyya ta Makka, kafin lantarki ya iso lungunmu, Kaka Hajjo ce ke tara mu bayan magariba. Gyaɗar da za ta kai kasuwa da safe take soyawa cikin yashi a kan garwashi. Mu jikoki mu kewaye kaskon, da ta juya baya mu tsame, ta ce ɓerayen Makka har sallama suke yi. Ni take kira maigida, tana gorin ban taɓa kawo mata cefane ba.

Labarin da muka fi so shi ne na mahaifinta, Malam Tanko. Yana sabon aure ya baro wani ƙauye kusa da Gumel a ƙafa, shi da matarsa da jaki. A zamaninsu mai niyyar hajji yakan raba abin da ya mallaka, ya nemi gafarar kowa, ya ɗauki likkafaninsa, don ba a sa ran dawowarsa. Nasa fari ne saƙar gida, mahaifiyarsa ta kaɗa zaren. Inda damina ta same su sai su tsaya su yi noma, su girbe, su ƙara gaba. A Wadai, cikin ƙasar Chadi, aka haifi Kaka, babu ko tsumman naɗe ta. Malam Tanko ya kwance ƙunshinsa, ya yaga likkafanin aka yi zanen goyo.

"Ni dai da kayan mutuwa aka yi mini maraba," in ji ta, tana dariya har sai ta sarƙe.

Da suka iso Makka ya sayi sabo, ya wanke shi da Zamzam, ya zauna jiran ajali. Ajali bai zo ba. Ya gaji da jira ya kama sayar da ruwa, ya kafa bukka, mutanenmu da suka iso daga baya duk wurinsa suke sauka. Duk baƙon da ya rasu ba shi da kowa, sai ya ɗauko likkafaninsa ya bayar, ya sayi wani. Har mai yadin ya ce masa ko dai ya mutu ko ya shigo sana'ar. Ya haura ɗari, ya ga tattaɓa-kunne. Ni ma an ce ya tofa mini addu'a ina jinjiri.

In ta kai ƙarshe sai ta buɗe akwatinta, ta fito da ragowar farin nan, kowa ya shafa. Ta ce a cikin nata likkafanin za a sa shi. Da shi ta shigo, da shi za ta fita.

Shi na ɗauke wata rana, na cusa a ƙwallonmu ta tsumma, muka buga har ta tarwatse a kan duwatsu. Da aka nema na ce na ga akuya tana tauna shi. Awakin Makka har takarda suke ci, sai kowa ya yarda. Kaka ta dube ni ta daɗe, ta rufe akwati. Ba ta fasa tatsuniya ba, ba ta hana ni gyaɗa ba, amma ba ta sake ba da labarin Malam Tanko ba. In ƙannena suka roƙa sai ta ce a tambayi akuya.

Sai da na girma ina tuƙa motar alhazai tsakanin Jidda da Makka, aka miƙo mini 'yata ta fari a naɗe, sannan na gane. Tsohon nan bai taɓa riƙe yadi don kansa ba, rayayye ya samu, mamaci ya samu. Ni kuwa na ɗauke wa tsohuwa guzurinta don wasan yini ɗaya. Shekaru suka ƙara wucewa, ga idonta ya dushe, ga 'ya'yana sun tashi da Larabci, ba su ko san sunan Malam Tanko ba. Na ji tsoron ta tafi da labarinsa.

Na yi ta cigiya wurin alhazan gida har na samu farin saƙi. Na wanke shi da Zamzam, na kai mata bayan magariba, yarana na biye da ni. Ta lalluba shi, ta shinshina.

"Maigida, yau ka yi cefane. Akuya ce ta aiko ka?"

Ta sa aka hura garwashi, ta ce wa yaran su matso, tana da labari, amma sai babansu ya gama nasa tukuna. Na durƙusa a gabanta, da gemuna da komai.

"Kaka, akuyar ba ta ci komai ba. Ni na ɗauka, na yi ƙwallo da shi, na yi miki ƙarya. Don Allah ki yafe mini."