Fentin Roba a Bangon Ƙasa

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, amma daminar da na shafa wa zauren mahaifinmu fentin roba ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Gidanmu na Unguwar Sarki ginin ƙasa ne, irin wanda ya rage ɗai-ɗai a layin. A zauren Baba yake karantarwa, kuma a nan, jingine da bangon gabas, akwai akwatin katako mai ɗauke da Alƙur'anin da kakanmu ya rubuta da hannunsa. Sai da azumi ake buɗe shi. Saboda wannan akwatin Baba ba ya wasa da yaɓe, duk shekara kafin saukar ruwa sai an shafe bangon da laka da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa. Ni ne babba, a kaina aikin yake ƙarewa. In rufe shagona na kayan gini kwana uku, ina jigilar ƙasa da ruwa. Wallahi na gaji. Na gaji da laka, na gaji da abokai suna tsokanata wai mai sayar da siminti, ubansa a ɗakin taɓo.

A shekarar ne wani sabon sinadari ya shigo kasuwa, fari kamar madara, in ya bushe ya zama fatar roba. Dillalin da ya kawo shi ya shafa wa bulo, ya kwarara masa ruwa a gabanmu, ruwan ya zirare, bulon ko danshi. Na ce shi ke nan, ni da yaɓe mun rabu.

Baba yana kan buzunsa na shigo da jarkoki huɗu. Ya dangwala da yatsa, ya sunsuna.

"Wannan na bulo ne ko na ƙasa?"

"Baba, ai ruwa ruwa ne. Abin da ya hana shi shiga bulo zai hana shi shiga ƙasa."

"To wanda yake tasowa daga gindin bangon fa, ta ina zai fita?"

Sai na yi dariya na ce kayan zamani ne. Na shafe bangon waje tas, har shafi biyu, ya riƙa sheƙi, masu wucewa suna tsayawa kallo.

Ruwa ya zauna sosai a watan takwas. Kullum in duba waje, bango a bushe, in ji daɗi. Ban taɓa duba ciki ba. Wata safiya Baba ya aika a kira ni. Na tarar bangon gabas ya kumbura ta ciki, wani ɓangare ya zubo kan akwatin. Ashe danshi ya yi ta hawa, ya rasa mafita ta waje, ya juyo zaure. Katakon bayan akwatin ya ruɓe, danshi ya shiga ciki. Tawadar gargajiya kuwa da ruwa ake wanke ta. Takardun sun manne, sun yi baƙi ƙirin.

Baba ya duba takardun, sannan ya ce, "Kawo tabarma, mu shanya abin da ya rage."

Kwana tara yana zaune yana ɓamɓare takardun da bakin wuƙa, ɗaya bayan ɗaya. Izu goma sha ɗaya ya tsira da su cikin sittin. Ko sau ɗaya bai yi mini faɗa ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Har yau ina sayar da sinadarin, ba shi da laifi, a bulo yana aikinsa. Da Baba ya rasu, 'yan'uwana suka ce ni ya kamata in riƙe abin da ya rage na rubutun kaka, na karɓa ina jin kunya. Abin da na koya shi ne, in za ka sauƙaƙa wa kanka aiki, fara duba wanda asarar za ta faɗa wa. Ni kwana uku na huta, zuri'armu kuma ta rasa abin da babu mai sake rubuta mata.