Hatimin Bazazzagen da na sa aka goge

A shekarar 2012 ina zaune a Hayyus Sabi a birnin Alƙahira, ina aikin fassara da karanta labarai da Hausa. Ba ni da iyali a lokacin, abin da na sa a gaba shi ne tara tsofaffin hatimai da zobba. Bayan juyin juya hali gidaje da yawa sun yi ta fitar da kayan gado, ni kuma gwanjon da ake yi a wani shago a tsakiyar gari ba ya wuce ni. Akwai wani abokina ɗan kasuwa mutumin Maraɗi da ke unguwar Ardul Liwa, mai aika turare da zobban azurfa gida. Ni na fara kai shi wurin, ni na koya masa cewa rubutun hatimi a juye yake, sai an danna shi a kan kakin zuma ake karanta shi sosai. Muka yi alkawarin da masu zuwa gwanjo tare ke yi: abin da ɗaya ya nuna yana so, ɗayan ba ya ɗaga hannu a kansa.

Wata rana cikin kayan da aka baje don dubawa na ga wani ƙaramin hatimin azurfa da ya yi baƙi ƙirin. Rubutun irin na allonmu ne, ba na Masar ba, kuma bayan sunan mai shi an rubuta cewa Bazazzage ne. Wato wani mutumin garinmu ne da ya ratso nan tun zamanin tafiya Makka a ƙasa. Rubutun ya suɗe, rabin sunan kawai na iya karantawa, na bar sauran sai na kai shi gida. Na nuna wa abokin nan. Ranar gwanjo ya zauna kusa da ni hannunsa a aljihu, wani Basudane a baya ya yi ta ƙari har na haƙura. Ba a jima ba na ga hatimin a ɗakin abokina, ashe shi ya turo Basudanen. Ya yi dariya ya ce ma'alish Malam, wato in yi haƙuri, shi dai bai ɗaga hannu ba, akwai wani Alhaji a Zariya da zai saya, ni kuwa ɓoyewa zan yi a akwati kamar tsohuwa da kwallarta.

Ban nuna masa ɓacin raina ba. Da ya tambaye ni yadda za a cire baƙin, don Alhaji ba zai karɓi abu mai dauɗa ba, na san amsar ita ce ba a taɓa shi. Sai na ce ya kai wa maƙerin azurfa a sa shi a injin gogewa. Hatimin ya dawo yana ƙyalli, fuskarsa sumul kamar bayan cokali. Alhaji ya fasa saye. Abokin nawa ya kira ni yana tambayar ko akwai gyara, na ce masa ma'alish. Na ji daɗin faɗin kalmar, kuma har yau asararsa ba ta ba ni tausayi.

Abin da ke damuna shi ne mahajjacin nan. Ban san ya yi mini komai ba, wataƙila sunansa bai rage a ko'ina ba sai a kan azurfar, ni kuma na sa aka shafe shi. Duk wanda aka ci amanarsa ya tashi ramawa, ya fara duba abin da zai lalata ko na wanda ya cuce shi ne.